Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Auna Aikin Likitocin Da Ke Binciken Sankarar Jini Da Ƙarin Ƙwaƙwalwa

Zuwa ga shehunnan malamai masu zama a kwamitocin ƙarin girma na jami'o'i da asibitocin koyarwa, da shugabannin hukumomin da ke raba kuɗin bincike.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan wannan takarda ta same ku lafiya ku da iyalanku, ina neman izinin yin magana a gaban manya. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekarata goma sha ɗaya a sashen masu sankarar jini, kuma a 'yan shekarun nan rabin aikina ya koma kula da takardun majinyatan da suka amince a yi bincike a kansu. Ni ce kuma ƙanwar wani bawan Allah da ƙarin ƙwaƙwalwa ya yi ajalinsa yana da shekara 44. Da yawun rukuni biyu nake magana. Akwai iyalan da suka yi jinyar waɗannan cututtuka, wasu sun koma gida da nasu, wasu sun koma hannu rabbana. Akwai kuma ƙananan ma'aikata irina, masu ɗibar jini, masu duba shi a ɗakin gwaje-gwaje, masu cike rajista, waɗanda bincikenku ke tafiya a kan kafaɗunsu. Sun karanta abin da na rubuta, sun ce in aiko.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hukuncin da wani kwamiti ya yanke watanni kaɗan da suka wuce. Ba zan kama sunan cibiyar ba, domin abin da ya faru a can yana faruwa a wurare da yawa, kuma waɗanda suka yanke hukuncin ƙa'idar da aka ba su suka bi. An ƙi sabunta tallafin wata likita mai yi wa masu sankara gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, wadda ta shekara da shekaru tana riƙe da rajistar yaran da suka warke daga sankarar jini, tana bibiyar lafiyarsu har su girma. Dalilin da aka rubuta mata bai wuce layi biyu ba: lambarta ta h ba ta kai ta abokan takararta ba, kuma maƙalunta ba su fito a mujallu masu babban maki ba. In ba a sake shawara ba, rajistar za ta rufe, ma'aikata biyun da ke kiran iyalai a waya za su nemi wani aikin, waɗanda ake bibiya kuma za su ɓace mana ɗaya bayan ɗaya.

Tunda wasiƙar a buɗe take, ku yi mini haƙuri in fayyace wa waɗanda ba su san harkar ba. Idan mai bincike ya buga maƙala, wani ya kafa hujja da ita a cikin tasa, sai a ce an ambace shi. A shekarar 2005 wani masanin fiziks mai suna Jorge Hirsch ya kawo hanyar dunƙule wannan a lamba guda: mai maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, lambarsa ta h ita ce 20. Makin mujalla kuwa, wanda Eugene Garfield ya assasa, yana ƙirga yawan ambaton abin da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka gabata, kuma tun farko masu kula da ɗakunan karatu ne ya yi wa amfani wajen zaɓen mujallar da za su saya. Shi kansa Hirsch ya ja kunne a maƙalarsa cewa lamba guda ba za ta nuna mutum gaba ɗayansa ba.

Na san abin da ya sa kuka rungumi waɗannan lambobi. Takardu ɗari suna gabanku, lokaci kaɗan ne, kuma kuna tsoron a ce kun yi sanayya ko son kai. Lamba ba ta da ɗan'uwa, ba ta da abokin gaba. Wannan uzuri ne na gaskiya, kuma ban raina shi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma a ɗakin majinyata muke kwana.

Kokenmu na farko a kan lokaci ne. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford, wanda a lokacin ɗalibi ne, suka fitar da 'yar gajeriyar sanarwa daga birnin Filadelfiya, cewa sun ga wani kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, da ya ƙanƙance fiye da kima a ƙwayoyin jinin masu wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke kira CML. Ba a san dalilin ƙanƙancewarsa ba sai a 1973, lokacin da Janet Rowley ta Jami'ar Shikago, wadda takan baza hotunan kuromosom a kan teburin gidanta tana jera su, ta gano cewa musaya ce ta auku tsakanin kuromosom na 9 da na 22. Daga nan aka bi sawu har aka gano gurɓataccen sinadarin da musayar ke haifarwa, aka haɗa ƙwayar da za ta toshe shi, Brian Druker ya jagoranci gwada ta a kan majinyata, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da imatinib a watan Mayun 2001. Tsakanin sanarwar farko da maganin, shekara 41 ke nan. A babban gwajin da aka bibiyi masu shan maganin tsawon shekara goma, kusan 83 cikin 100 aka samu suna raye. Yau a sashenmu akwai masu zuwa su karɓi ƙwayarsu da safe su wuce wurin aiki. Ma'aunin da ba ya hangen abin da ya wuce shekara biyu, da me zai auna tafiyar shekara 41?

Haka Denis Burkitt, likitan tiyata a Yuganda. A 1958 ya buga bayanin wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara a wata mujallar likitocin tiyata ta Ingila, kusan ba wanda ya waiwaye shi. Sai da ya yi lacca a Landan a 1961, Anthony Epstein yana cikin masu sauraro, sannan aka fara aiko masa da samfuri daga Kamfala. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga ƙwayar bairos a cikin ƙwayoyin wannan ƙari, ita ce ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. Da a 1960 aka ajiye takardar Burkitt a gaban kwamiti mai ƙa'ida irin ta yau, da an ce masa ya dawo idan ya tara ambato.

Koke na biyu ya shafi ƙwaƙwalwa, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan ciwon yake. Yayana da ciwon kai ya fara, wanda muka ɗauka gajiya ce, sai ranar da ya faɗi yana jijjiga a wurin aiki. Hoto ya nuna ƙari, aka yi tiyata, sakamako ya dawo da sunan da ba na so in ji, giliyobilastoma. Maganin da aka ɗora shi a kai shi ne wanda duniya ke bi tun 2005, lokacin da Roger Stupp da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin majinyata 573: gashi na mako shida haɗe da ƙwayar temozolomide. A wancan gwajin, rabin waɗanda aka yi wa gashi kaɗai sun kai wata 12.1 a raye, rabin waɗanda aka haɗa wa da ƙwayar sun kai wata 14.6. Ƙarin wata biyu da rabi. Wanda bai yi jinya ba zai ga kaɗan ne. Mu a cikin irin waɗannan watanni ne yayana ya ga 'yarsa ta fara tafiya. An ambaci maƙalar Stupp sau dubbai, kuma ta cancanta, yabon gwani ya zama dole. Sai dai kusan shekara ashirin ke nan ita ce ginshiƙin maganin wannan cuta, domin yawancin abin da aka gwada bayanta bai tsawaita rai ba.

Dalilan sanannu ne gare ku. Ƙwaƙwalwa tana da shingen da ke hana yawancin magunguna fita daga jini su shiga cikinta. Ƙarin yana miƙa saiwoyi cikin lafiyayyen nama, likitan tiyata ba zai iya yanke shi duka ba sai ya tafi da magana ko tafiyar mutum. Mai binciken sankarar jini zai iya ɗibar jini ko ɓargo duk wata ya ga yadda cuta ke sauyawa, shi kuwa na ƙwaƙwalwa sai an buɗe ƙoƙon kai. Majinyatan ba su da yawa, kuma ba sa daɗewa. A cikin yara akwai wani ƙari da ke fitowa a tushen ƙwaƙwalwa, inda numfashi da haɗiya suke, wanda yawancin masu shi ba sa cika shekara bayan an gano shi. A 2012 aka gano sauyin ƙwayar gadon da ke bayansa, amma har yau gashi ne babban abin da ake iya yi musu. Duk matashin likitan da ya zaɓi wannan fanni ya san zai shafe shekaru yana tara sakamakon da ke cewa abin bai yi aiki ba. Idan kuka jera shi da wanda ke fannin da magunguna ke fitowa duk shekara, kuka ce mai yawan ambato ya wuce, kun riga kun gaya wa masu tasowa fannin da za su guje wa. Na ga wasu haziƙai sun guje shi, kuma ban ga laifinsu ba.

Amma "bai yi aiki ba" ilimi ne, kuma ni na ci moriyarsa. Wata huɗu da fara jinyar yayana, 'yan'uwa suka ci karo da sunan wani magani a intanet, bevacizumab, aka fara maganar sayar da abin da aka mallaka don a ƙara masa shi. Wannan likita da kuka hana tallafi ita ce ta zaunar da mu. Ta nuna mana manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2014, dukansu sun nuna cewa ƙara wannan magani ga sabon majinyacin giliyobilastoma bai ƙara masa tsawon rai ba. Ta ce mana in buƙatarsa ta taso don rage kumburi za ta faɗa mana, amma kada mu talauta marayun gobe a kan fatan da aka riga aka gwada. Yayana ya rasu bayan wata goma sha uku, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa suna cikin gidan ubansu har yau. Waɗancan gwaje-gwaje biyu sun samu shiga babbar mujalla saboda girmansu. Ƙanana nawa ne irinsu ke kulle a durowa, saboda mai su ya san ba za su ƙara masa maki ba? Yarjejeniyar Helsinki, wadda ta tsara ƙa'idojin bincike a kan mutane, ta wajabta fitar da sakamako ko da bai zo yadda ake so ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce tun 2015 a sanya sakamakon kowane gwaji a rajista cikin wata 12 da kammala shi. Mutanen da na sa hannu a matsayin shaida lokacin da suka yarda a gwada magani a jikinsu, da yawansu sun san ba su ne za su amfana ba. Don na baya suka yarda. Ɓoye sakamakonsu cin amana ne, kuma ƙa'idar da ke saka wa mai labari mai daɗi kaɗai tana da hannu a ciki.

Koke na uku: ma'auninku ba ya ganin aikin rage wa majinyaci wahala. A shekarun 1960, a asibitin St. Jude da ke Amurka, Donald Pinkel da abokan aikinsa suka lura cewa sankarar jinin yara tana ɓuya a ƙwaƙwalwa da laka, inda magani ba ya kaiwa, daga can ta dawo. Suka fara gasa kan yara da haske tare da zuba magani ta ruwan laka, kuma ta haka ne aka fara warkar da kusan rabin yaran, a cutar da a da ba a tsira daga gare ta. Babbar nasara ce. Sai dai kuɗin da aka biya bai bayyana ba sai daga baya: raunin karatu, tsayawar girma, da kuma wani ƙari da ke tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, wani lokacin bayan shekara 20 ko fiye. Wa ya gano wannan? Masu riƙe da rajista ne, masu kiran waya, masu bin yaro har ya zama magidanci. Saboda abin da suka tattara aka matsa neman hanyar daina gashin, har a 2009 Ching-Hon Pui da tawagarsa a wannan asibiti suka nuna, a kan yara kusan 500, cewa ana iya warkar da cutar ba tare da an gasa kan yaro don rigakafi ba.

Irin wannan aiki likitarmu ke yi. Ba ya haifar da maƙala goma a shekara. Yana haifar da kiran waya zuwa ga wata mata mai shekara talatin da wani abu, wadda aka yi wa gashi tana 'yar shekara biyar, a ce mata lokacin hoton kai ya yi. A gabana aka gano wa ɗaya daga cikinsu ƙari tun yana ƙarami, aka cire, ta koma wajen 'ya'yanta. Ba a ambaci kowa ba a kan wannan.

Ga wani misalin daga ɓangaren tsofaffi. A 2004 Wilson Roa da abokan aikinsa a Kanada suka gwada gashin mako uku maimakon mako shida ga masu giliyobilastoma da suka kai shekara 60 ko suka haura, suka ga tsawon rai bai bambanta ba. A 2015, a gwajin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ɗauki nauyi, aka sauko har zuwa mako guda ga tsofaffi da masu rauni. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba, ba kamfanin da zai yi talla. Amma ga dattijon da watanni suka rage masa, makonnin da zai yi a ɗakinsa maimakon layin na'ura su ne komai. Kuma inda na'urar gashi ɗaya ce ga al'umma mai yawa, duk kwanan da aka rage wa wani, wani ne ya samu gurbi.

Na huɗu shi ne katangar da kuke ginawa tsakanin fannoni, da tsakanin harsuna. An taɓa gaya wa likitarmu cewa ta rarraba hankalinta, ta zaɓi jini ko ƙwaƙwalwa. Alhali a 2008 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka gano sauyi a ƙwayar gadon IDH1 a cikin ƙarin ƙwaƙwalwa, shekara guda bayan haka wasu a birnin St. Louis suka tarar da shi a sankarar jini mai saurin kisa da ake kira AML. Maganin da ke toshe shi a jini ya fara samun amincewa, a 2018. Daga nan ilimin ya koma inda ya fito: a watan Agustan 2024 aka amince da vorasidenib ga masu wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa mai tafiya a hankali, bayan gwajin da ya nuna rabin masu shan sa sun kai wata 27.7 cutar ba ta ci gaba ba, rabin waɗanda ba su sha ba kuwa wata 11.1. Wanda ya tsaya a kan gadar da ke tsakanin fannonin nan biyu, kowane ɓangare yana masa kallon baƙo, ambatonsa ya rabu gida biyu, alhali ta wurinsa ilimi ke tsallakawa.

Batun harshe kuma, ku tuna Zhang Tingdong na birnin Harbin a ƙasar Sin. Tun shekarun 1970 yake ba masu sankarar jini sinadarin arsenik, wanda duniya ta sani a matsayin guba, yana buga sakamakonsa da Sinanci a mujallun da masu ƙirga ba sa leƙawa. A 1988 tawagar Wang Zhenyi ta Shanghai ta nuna cewa wani dangin bitamin A yana sa ƙwayoyin sankarar jinin da ake kira APL su girma su zama lafiyayyu. A 2013 gwajin da Francesco Lo-Coco ya jagoranta a Italiya da Jamus ya haɗa magungunan biyu ba tare da kemo ba, wato maganin nan mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin sankara, sama da 90 cikin 100 na majinyatan suka tsira, a cutar da a da zubar jini ke kashe masu ita cikin kwanaki. Shekarun da aka yi ba a karanta Zhang ba, mutane ne suka biya su da rayukansu.

Na biyar ba zan tsawaita ba, kun fi ni saninsa. Idan aka ce yawa ake so, yawa za a kawo. A 2012 Glenn Begley da Lee Ellis suka ba da rahoton cewa cikin manyan maƙalu 53 na binciken sankara da aka sake gwadawa a wani kamfanin magunguna, 6 ne kawai sakamakonsu ya tabbata. A 2023 an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya. Maƙalar da aka janye ma takan ci gaba da tara ambato. Duk kuskuren da ya tsallake daga ɗakin gwaje-gwaje, a jijiyar wani yake ƙarewa, kuma mu ne muke sa allurar.

Na ƙarshe shi ne tambayar da babu gurbinta a fom ɗinku: wa aikin ya amfana? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe da yawa marasa ƙarfi kuwa ba sa kaiwa 30, shi ya sa a 2018 ta ɗaura niyyar kai duniya aƙalla 60 kafin 2030. Maganin da zai cike wannan giɓi ya daɗe da samuwa. Abin da ya rage shi ne binciken dalilin da ke sa iyaye su daina kawo yaro a tsakiyar magani, da yadda za a daidaita ƙarfin kemo inda jini da maganin ƙwayoyin cuta ke yankewa, da yadda za a gano cuta da wuri. Manyan mujallu ba su cika ɗokin irin wannan ba. Akwai ma mutane masu yawa, musamman masu asali daga Afirka, da ake haifa da ƙarancin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, saboda rukunin jininsu na Duffy, ba don wata cuta ba. Ƙa'idojin shiga gwaji da ba su yi la'akari da wannan ba suna mayar da su gida, ko a rage musu magani ba gaira ba dalili. Mai binciken da ya gyara layi guda a irin wannan ƙa'ida ya buɗe ƙofa ga jama'a masu yawa, amma lambarsa ba za ta motsa ba.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku sake duba hukuncin da aka yanke wa wannan likita da ire-irenta. Ko da kun ga ba za ku sauya shi ba, ku raba makomar rajistar majinyata da makin mai riƙe da ita. Rajistar da aka gina cikin shekara ashirin, idan ta yanke na shekara biyu, lambobin waya sun sauya, mutane sun ƙaura, ba ta sake haɗuwa. Ku ware mata kuɗi na dindindin kamar yadda ake ware wa ɗakin ajiyar jini.

Ku cire makin mujalla daga fom ɗin neman ƙarin girma da na tallafi. Ba sabon abu muke nema ba. Sanarwar San Faransisko a kan auna bincike, wadda aka tsara a 2012, wannan ta nema, ƙa'idoji goma na Laiden na 2015 kuma suka ce ƙididdiga ta taimaka wa hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa. Cibiyoyi da yawa sun sa hannu, fom ɗinsu kuma bai sauya ba. Ku nemi kowane mai takara ya zaɓi ayyukansa biyar, ya bayyana da kalmomi masu sauƙi abin da kowanne ya sauya a wajen majinyaci ko a fahimtar cuta, ku kuma ku karanta ayyukan da idanunku. In tsoron sanayya ne, ku rubuta dalilin kowane hukunci a fili, ku gayyato masu dubawa daga waje, wanda aikinsa ya ratsa fanni biyu kuma a ba shi mai dubawa daga kowanne.

Ku ba da maki ga duk gwajin da aka kammala aka fitar da sakamakonsa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, kuma kada ku ba da sabon tallafi ga wanda ke riƙe da sakamakon tsohon gwaji a durowa. Ku buɗe gurbi ga aikin da ya rage kwanakin gashi, ko ya rage guba, ko ya sauya ƙa'idar magani, ko ya horar da na baya.

Ku sa a rubuta wanda ya yi me a kowace maƙala. Akwai tsarin CRediT mai rabe-raben ayyuka 14, mujallu da yawa suna amfani da shi. Mai duba ɓargo a madubi tsawon shekaru da mai tsare bayanai su ma su samu abin nunawa ranar da za a auna su, kada ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Sannan ku ajiye kujera biyu a kowane kwamiti, ɗaya ta ma'aikacin jinya, ɗaya ta wanda ya yi jinya ko ya warke, kuma ku ba su ƙuri'a.

Kafin zamanku na gaba, muna gayyatar ko da mutum biyu daga cikinku su zo su zauna da mu safiya guda a ranar da waɗanda suka warke ke zuwa a duba su. Za mu nemi izininsu tukuna, kuma na san da yawa za su yarda. A cikin rajistar akwai waɗanda lokacin hoton kansu ke cika a watan gobe, sunayensu suna kan teburina. Muna jiran ku faɗa mana wanda zai kira su.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Ma'aikaciyar jinya a sashen masu sankarar jini, a madadin iyalan majinyata da ƙananan ma'aikatan bincike.